Filin Tambayi Likita: Farfaɗiya a Cikin Gida

Saƙonnin da suka shigo mana a wannan watan daga Mai Wurno, Gadarif, Kasala da Damazin a nan ƙasar Sudan kusan duk a kan farfaɗiya suke, da yadda take taɓa kowa a gida tun daga kaka har jariri. Mun sakaya sunaye kamar yadda masu tambaya suka roƙa. Likitan ƙwaƙwalwa da ma'aikaciyar jinya masu kula da wannan fili ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 11 ne yake faɗuwa, wajen sau biyu a wata. Yakan ƙame, ya yi ta fizga, kumfa na fita a bakinsa. Kakarsa ta ware masa kwano da moɗa, ta hana ƙannensa kwana ɗaki ɗaya da shi, wai kada su ɗauka. In ya faɗi, cokali ake cusa masa a baki a kwara masa ruwa. Hankalina bai kwanta da haka ba, amma ban san ta inda zan ɓullo wa surukata ba. Wata uwa, Mai Wurno

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba shi lafiya. Hankalinki ya gaya miki gaskiya. Ba a ɗaukar farfaɗiya, ko ta miyau, ko ta kumfa, ko ta numfashi, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Ƙwaƙwalwa da wata 'yar wutar lantarki take aiki, kuma faɗuwar tana zuwa ne idan wutar ta hargitse lokaci guda, kamar yadda wayoyi biyu kan haɗu fitilar gida ta ɗauke. Kumfar nan miyau ne da bai iya haɗiyewa ba. Sanadin yana iya zama wahalar haihuwa, ko buguwa a kai, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma a wajen kusan rabin masu ciwon ba a gano sanadin. Ku mayar masa da kwanonsa cikin na 'yan'uwansa yau ɗin nan. Yaron da aka ware a gidansu yana jin ciwon wariyar kullum, faɗuwar kuwa ta minti biyu ce.

In ya faɗi, abu na farko ki dubi agogon waya. Mai kallo yakan ga kamar an yi rabin awa, alhali yawanci minti 1 zuwa 3 ne. Ki janye murhu, tukunya da duk wani abu mai kaifi daga kusa da shi, ki naɗe mayafi ki sa masa a ƙarƙashin kai, ki sassauta wuyan rigarsa. Kada a danne shi, don dannewa ba ta tsayar da fizgar, sai dai ta goce masa kafaɗa. Cokali kuwa a bar shi a kwando. Mutum ba ya haɗiye harshensa, harshe a ɗaure yake ta ƙasa. Abin da cokali yake yi shi ne karya haƙori, guntun haƙorin kuma ya wuce hanyar numfashi. Yatsa ma haka, sai ya datse ki bai sani ba. Ruwa, rubutu, nono ko magani, komai kada a ɗura masa sai ya farka sarai yana amsa magana, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin yake tafiya.

Da zarar fizgar ta lafa, ki juya shi ya kwanta a gefensa, baki na kallon ƙasa kaɗan don miyau ya zuba. Zai tashi a ruɗe, ko ya yi barci mai nauyi, wani lokaci ya ɓata wandonsa. Ki sallami 'yan kallo, ki rufe shi, ki sake masa kaya a ɓoye. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wata mace mai wannan ciwo ta je wa Annabi (SAW), ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi ya yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana in ta faɗi, ya kuwa yi mata. Suturar mai farfaɗiya hakki ce a kan waɗanda ke tsaye.

A tafi asibiti nan take in fizgar ta wuce minti 5, ko ya sake faɗuwa bai farka daga ta farko ba, ko ya faɗa cikin ruwa, ko ya ji babban rauni, ko numfashinsa bai daidaita ba. Faɗuwar da ta haura minti 5 da wuya ta tsaya da kanta, kuma in ta yi tsawo tana cutar da ƙwaƙwalwa. A kwance a gefensa za a ɗauke shi, kada a zaunar da shi tsakanin mutum biyu a kan babur. Tun da kuna da ɗan nisa da babban asibitin Sinnar, ki tambayi likita ko zai ba ki maganin gaggawa na dayazifam da ake sawa ta dubura, ya nuna miki yawansa gwargwadon shekaru da nauyin yaron.

Ba ki ce yana shan magani ba. Faɗuwa sau biyu a wata sau da yawa tana nuna ko dai ba ya sha, ko ana tsallake masa, ko ya girma ya fi ƙarfin adadin da aka yanka masa, tun da na yara da nauyin jiki ake auna shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum miliyan 50 masu farfaɗiya a duniya, kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon an kuma ba su maganin da ya dace. In ya sake faɗuwa, wani ya ɗauki bidiyo da waya a nuna wa likita, sau da yawa ya fi gwajin wutar ƙwaƙwalwa da ake kira EEG amfani, don gwajin yakan fito lafiya lau alhali ciwon na nan.

Surukarki kuwa tsoro ne ya sa ta, ba ƙiyayya ba. Kada ki yi jayayya da ita. Ki sa mai gidanki ya tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita, sannan ku ba ta aikin ba shi magani bayan sallar asuba da bayan magariba, tsofaffi ba sa kuskuren lokacin salla. Addu'a da rubutu ba mu hana ba, matuƙar ba a ajiye ƙwaya ba, ba a kulle shi a ɗaki da hayaƙi ba, ba a kuma doke shi da sunan fitar da aljani ba.

TAMBAYA: Daga Wad Madani muka yi gudun hijira zuwa nan. Ƙanena yana shan Tegretol 200 safe da yamma, ya shekara uku bai faɗi ba. Yanzu maganin na wahalar samu, sai na fara raba masa ƙwayar gida biyu. Wani ɗan'uwanmu a Jidda ya aiko da Keppra, ya ce ya fi kyau. In ba shi? Wani magidanci, Gadarif

AMSA: Malam, Allah Ya mayar da ku gida lafiya. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, yankewar magani ita ce babbar masifar masu farfaɗiya a ƙasar nan, kuma tambayarka ta dubban gidaje ce.

Maganin farfaɗiya ba ya cire ciwon, riƙe shi yake yi, kuma sai yawansa a cikin jini ya tsaya daidai dare da rana. In ka raba ƙwayar, ka rage masa rabin kariyarsa. In kuma ta ƙare rana ɗaya, ƙwaƙwalwar da ta saba da shi tana iya amsawa da faɗuwa a jere wadda ta fi ta farko muni, har ta kai ga rasa rai. Fenobabiton, wani maganin farfaɗiyar, yana cikin waɗanda suka fi haɗari a wannan fanni. Don haka neman magani yana farawa ne tun ana da saura na mako biyu, ba ranar da aka ɓare ƙwayar ƙarshe ba. In hali ya samu, a ajiye na wata ɗaya a gefe, a riƙa shan tsohon ana maye gurbinsa da sabo.

Kafin ka ce babu, ka dubi kwalin da kyau. A ƙarƙashin babban sunan akwai ƙaramin rubutu, shi ne ainihin sunan maganin, kuma kamfanoni da yawa suna yin sa da wasu sunaye. Ka nuna wa mai kantin magani wannan ƙaramin sunan da adadin miligiram 200. Ka kuma duba ko akwai haruffan CR a jiki, wato mai narkewa a hankali. Irin wannan ba a daka shi ba a tauna shi, in an yi haka duk ƙarfinsa zai fita lokaci ɗaya, ya sa jiri da gani bibbiyu, daga baya kuma jini ya zama babu komai.

Keppra magani ne mai kyau, kuma yana iya zama mafitarku, amma ba a ajiye wannan yau a ɗauki wancan gobe. Likita ne zai fara sabon, ya riƙa janye tsohon kaɗan-kaɗan cikin makonni. Ka kuma yi lissafi: ɗan'uwan nan zai iya aikowa duk wata ba fashi? Keppra ya fi tsada nesa. Maganin da za a samu kullum a Gadarif ya fi wanda ake jiran matafiyi ya kawo. In Tegretol ya gagara gaba ɗaya, ka je wa likita ko jami'in lafiya tun da sauran ƙwaya a hannu, ya ga ko zai mayar da shi kan fenobabiton, mai arha ne kuma sau ɗaya ake sha da dare. Mai ɗauko magani daga Saudiyya ya riƙe takardar likita, musamman fenobabiton da dayazifam, don suna cikin waɗanda hukuma ke sa wa ido.

Sai ajiya. Zafi da damshi suna rage ƙarfin Tegretol. A bar shi cikin takardarsa ta asali, kada a ɓare a zuba a leda, kada a soke shi a jikin rufin kwano ko a bar shi a mota. In ya manta bai sha ba ya tuna cikin awa 4, ya sha, in ya wuce haka ya jira na gaba, kada ya haɗa biyu. In ya yi amai cikin awa ɗaya da sha, ya sake. Kuma duk wanda zai rubuta masa wani magani a gaya masa abin da yake sha. Tiramol, kulorokwin, meflokwin da sifro suna iya tayar da faɗuwa, shi kuma Tegretol yana rage ƙarfin Coartem na zazzaɓin sauro. Ka rubuta sunan maganinsa, adadi da lokutan sha a takarda ya riƙa yawo da ita a aljihu, ka ɗauki hotonta a waya. In hanya ta raba ku, wannan takarda ce za ta yi masa magana.

TAMBAYA: 'Yata mai shekara 19 an kawo kuɗin aurenta. Tana shan Depakine, ta daɗe ba ta faɗi ba. Uwarta ta ce a rufe maganar kada a fasa. Ni ina tsoron Allah, ina kuma tsoron 'ya'yanta su gada. Me kuka gani? Wani uba, Kasala

AMSA: Baba, a gaya masa kafin a ɗaura. Mun san abin da mahaifiyarta take gudu, kuma ba ƙarya ba ne, an sha fasa aure a kan wannan. Amma ka dubi yadda ɓoyewa take ƙarewa. Amarya ba ta iya shan ƙwaya a gaban miji, sai ta riƙa tsallakewa ko ta bari. Ga rashin barcin biki, ga baƙon wuri. Sai ta faɗi a makon farko a hannun mutanen da ba su san abin yi ba, daga nan maganar ta tashi daga ciwo ta koma yaudara. Ka kira yaron shi kaɗai tukuna, kafin danginsa, in ya yarda ku je wurin likitanta tare ya yi tambayoyinsa.

Batun gado da sauƙi. Cikin 'ya'yan masu farfaɗiya, fiye da 9 cikin 10 ba sa samun ciwon. Inda ake ƙara lura shi ne auren zumunci in akwai masu faɗuwa ta ɓangaren biyu, wannan a gaya wa likita.

Abin da ya fi damun mu a wasiƙarka shi ne Depakine ɗin. Yana riƙe farfaɗiya sosai, amma in aka yi ciki ana shan sa, wajen jariri 1 cikin 10 yakan zo da nakasa, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya ko tsagaggen leɓe, alhali a sauran mata 2 ne zuwa 3 cikin 100. Kashi 30 zuwa 40 cikin 100 kuma sukan samu jinkirin magana da koyo. Nakasar tana faruwa a makonnin farko, tun mace ba ta san tana da ciki ba. Don haka ta ga likita yanzu, watanni kafin tarewa, a duba ko za a mayar da ita kan Lamictal ko Keppra, waɗanda suka fi aminci ga ciki. Kada ta daina da kanta saboda ta karanta wannan, ko da ta wayi gari da ciki, faɗuwar mai ciki haɗari ce ga rai biyu. Ta fara shan folik asid miligiram 5 kullum, wata uku kafin ciki. In suna son jinkirta haihuwa har a gama sauyin, su sani Tegretol, Epanutin da fenobabiton suna raunana ƙwayar tazara da ashanar da ake sawa a hannu, allurar wata uku da robar mahaifa kuwa suna aiki.

Ga iyaye mata masu gyaran amarya: kada a bar ta ita kaɗai a kan ramin dukhan, wato ramin turara jiki da hayaƙi. Garwashi ne a ƙarƙashinta, bargo a rufe, in ta faɗi ba mai gani sai ta ƙone. Haka wankan jego, a sirka ruwan kafin ta shiga, wata ta tsaya kusa, kada a sa sakata. A asibiti za ta haihu. Za ta shayar da nono, a zaune a kan tabarma, kuma wata ta riƙa karɓar jaririn da dare ta samu barci.

TAMBAYA: Jaririna ɗan wata 14 ya yi jijjiga da zazzaɓi mai zafi. Farfaɗiya ce ta fara? Wata uwa, Damazin

AMSA: Galibi a'a, 'yar'uwa. Jijjigar zazzaɓi tana samun yara 2 zuwa 5 cikin 100 tsakanin wata 6 da shekara 5, wajen ɗaya cikin uku takan maimaita musu, sannan su bar ta da girma. Yawanci ba a cewa farfaɗiya sai an faɗi aƙalla sau biyu, a ranaku daban, ba zazzaɓi ba wani sanadi na nan take. Amma a yankinku kada a zauna a gida da irin wannan. A gwada jininsa a ranar don zazzaɓin sauro, a duba sanƙarau, musamman in wuyansa ya ƙage, ko maɗigarsa ta kumbura, ko bai farka ya kama nono ba.

TAMBAYA: Ina shan magani sau biyu a rana. Zan iya azumi? Wani ɗalibi, Bur Sudan

AMSA: Ya danganta, ɗan'uwa. In ka daɗe ba ka faɗi ba, da yawa suna yi lafiya, ɗaya da sahur ɗaya da buɗa baki. Ka je wa likita wata guda kafin Ramadan, wataƙila ya mayar da kai kan mai narkewa a hankali. Abin da ya fi kayar da mutane a watan shi ne rashin barci, hira har sahur sannan a fita da safe. In har yanzu kana faɗuwa, ko sau uku kake sha, ko kwanan nan aka sauya maka magani, kana cikin marasa lafiyar da Suratul Baƙara ta yi wa rangwame. Ka tambayi malaminka batun ramuwa ko ciyarwa.

TAMBAYA: Mai gidana masunci ne. Bara ya faɗi daga babur, tun daga nan farfaɗiya ta same shi. Na hana shi shiga kwalekwale, yanzu kullum faɗa muke, ya ce na mayar da shi yaro. Ni ke sayar da shayi ina ciyar da gida, dare kuma ba na barci ina gadinsa. Na gaji. Wata baiwar Allah, kusa da Sinnar

AMSA: Sannu da ƙoƙari, baiwar Allah, gajiyarki tana kan hanya. A batun kogi kina da gaskiya, kuma kada ki sassauta. Wanda ya faɗi a cikin ruwa ba ya ihu ba ya ɗaga hannu, nutsewa yake yi shiru, ko da ya fi kowa iya iyo a Shuɗin Nilu. Ruwa mai zurfin taƙi ɗaya a magudanar gona ya isa. Kwalekwale, babur, raksha (keke mai ƙafa uku), hawa bishiya ko rufin ɗaki, da tsayawa shi kaɗai a kan wutar agashe, duk a jingine su. A ƙasashe da dama sai mutum ya cika shekara bai faɗi ba ake barin sa ya yi tuƙi, ku ɗauki wannan ma'auni. Ya ji daga bakin likita cewa hanin yana da wa'adi, zai fi karɓa fiye da daga bakinki.

Amma shi ma yana da tasa gaskiyar. Magidancin da aka zaunar ba aiki, ana bin sa har bakin banɗaki, zuciyarsa takan mutu, kuma ciwon damuwa ya yi yawa a cikin masu farfaɗiya. Sana'ar kifi ba a cikin ruwa kaɗai take ba. Ya ba wani amintacce kwalekwalen su raba riba, shi ya riƙe gyaran koma, saye da sayarwa a bakin gaɓa da lissafi. Ki kuma lura ko zafin ran ya fara ne bayan wani magani, don Keppra yakan sa saurin fushi, fenobabiton kuma kasala da ɓacin rai. Ana iya gyara wannan, a gaya wa likita. In ya fara maganar gara ya mutu, kada a jira ranar ganin likita, a kai shi a ranar.

Gadin dare ba zai ɗore ba. Ku sauko da shimfiɗarsa ƙasa daga kan gado, a kawar da murhun shayi daga ɗakin, ki kwana kusa da shi, motsin faɗuwa zai tashe ki. Ki koya wa ɗan'uwansa ɗaya da babban ɗanku abin da muka faɗa a amsar farko, su riƙa karɓar ki kwana ɗaya ko biyu a mako. Tun da buguwar kai ce sanadi, ki tambaya ko an yi masa hoton ƙwaƙwalwa. Sannan ki sami ƙaramin littafi, duk faɗuwa ki rubuta rana, lokaci, minti nawa ta yi, ko ya sha magani a ranar, ko ya yi barci, ko yana da zazzaɓi. Da wannan littafin likita zai san ko ƙara adadi zai yi ko sauya magani, ku tafi da shi duk zuwa tare da kwalin abin da yake sha.